Amin Mai Wutsiya

Ku yaran nan kuna ba ni dariya. Jiya a ƙahwa, shagon shayin bakin layinmu nan unguwar Ard al-Liwa, Nura ya buɗe guruf a wayarsa tun kafin shayinsa ya huce, ya zuba mutane a ciki, sannan ya juyo yana tambayata wai ashe wannan ne aikin da na yi shekara da shekaru ina yi har ake ce mini injiniya. Ban tanka masa ba, don bakina cike yake da waken ful. Yau da na samu sarari ga amsarku, sai ku kife wayoyin nan a kan tebur ku saurara.

Tara mutane wuri guda ba shi ne aikin ba, wannan ko mai kalangu yana yi. Aikin shi ne magana ta isa kunnen wanda ake nufi tun tana da amfani. A kan haka na yi furfura.

Karatu ne ya kawo ni Masar kamar yadda ya kawo ku. Wani hutu na samu aiki a shagon intanet na Ustaz Magdi a unguwar Mohandessin, mutum gajere mai tumbi, ga faɗa ga kirki. A ƙarƙashin matattakalar shagon akwai wata tsohuwar kwamfuta da aka cire wa murfi, an kafa mata fanka tana hura mata iska dare da rana. Ita ce saba, wato uwar da ke karɓar saƙo tana rabawa. Kusa da ita ga modem, mai kuka kamar gyare duk lokacin da zai kama layi, ga batirin da ke riƙe ta idan wuta ta ɗauke. Kayan aikin ke nan kaf. Da kun gan su da kun ce bola ce.

Aikin farko da Ustaz Magdi ya ba ni shi ne karanta saƙonnin da suka dawo, waɗanda aka aika ba su sami shiga ba. Na ɗauka wulaƙanci ne. Ina ganin a koya mini haɗa na'ura, an ba ni tsintar gawar wasiƙu. Ya ce mini duk saƙon da ya dawo yana ɗauke da dalilin dawowarsa a goshi, wanda bai iya karanta goshin nan ba kada ya taɓa masa saba. Sai na zauna na koya. Wannan adireshin ne aka rubuta ba daidai ba, wannan akwatin mai shi ne ya cika, wancan kuma sabar can ce take barci. Ranar da ya nuna mini yadda ake bin sawun saƙon da ya isa lafiya, wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Na ga wasiƙar da na tura wa yayana ta bi ta Turai, ta tsallaka teku, ta juyo ta sauka Kano, kowane zango da hatiminsa, duk kafin in ɗaga kofin shayi. Ni da na saba bin masu komawa gida ina roƙo su riƙe mini wasiƙa a aljihun jaka. Na daɗe zaune ina ta subhanallahi, shi kuwa yana mini dariya yana cewa yalla, ya Ishak, tashi ka share firinta.

Masu jinya su ne abokan hulɗata na gaske. A lokacin mutanenmu sun fara kwararowa neman magani, daga Kano, Sakkwato, Gusau, har Maraɗi. Mutum zai sauka da mara lafiya ba ya jin Larabci ko na sayen burodi. Yana neman ɗaki kusa da asibiti, yana neman tafinta, yana neman inda zai samu kuka da daddawa don mara lafiyan ya ƙi abincin nan. Ɗalibai ke wannan ɗawainiya, amma kowa na yi shi kaɗai, wani bai san abin da wani ya sani ba. Shi ya sa na roƙi Ustaz Magdi ya bar ni in buɗe mana lis a sabarsa.

Lis abu ne mai sauƙin faɗi. Adireshi guda ne, duk wanda ya aika masa saƙo, saba za ta kwafa ta kai wa kowane mutum da ke ciki har akwatinsa. Ba ka nema ba, zai zo ya same ka. Yawancin mutanenmu ba su da kwamfuta, shago suke shiga su duba, wasu kuma ni nake buga musu abin da suka faɗa. Ɗalibai su fitar da saƙo a takarda su kai asibiti su karanta wa masu jinya a bakin gado. Na taɓa ganin wata dattijuwa ta sa takardar a ƙarƙashin matashin mijinta, don mutanen da ba ta taɓa gani ba sun yi masa addu'a a ciki.

Tun ranar farko Ustaz Magdi bai so lis ba. Shi mutumin niyusguruf ne, abin da mu muka sa wa suna dandali. A dandali saƙo ba ya bin kowa gida. Wuri guda ake kafe shi, mai so ya zo ya karanta, kowace magana da amsoshinta jere a ƙarƙashinta, ba mai shiga layin wata. Ya ce masu taimakon juna dandali ya kamace su, don tambayar da aka amsa yau baƙon da zai zo baɗi zai tarar da ita, ba sai an maimaita ba. Ni kuma na ce masa mutumin da ke tsaye a kan mara lafiya ba shi da lokacin yawon dubawa, a kai masa kawai. Kullum sai mun yi wannan musu, har masu shigowa suka saba, suna tambaya yau wa ya ci.

Sai shekarar wahala ta zo. An yi ta rasuwa a cikin marasa lafiyarmu, kusan ba a rufe mako ba a yi jana'iza ba. To kun san halinmu. Ba a sanar da Bahaushe rasuwa ya yi shiru. Da na tura sanarwa, kowa sai ya amsa da Allah ya jiƙansa. Iyalan mamacin su bi kowa da amin. Wanda aka ce wa amin ya dawo da Allah ya ba da haƙuri, a sake ce masa amin. Kowace amin kuma saba sai ta kwafa ta kai wa kowa da kowa. Ga shi duk mai amsawa yana barin tsohon saƙon maƙale a ƙasan nasa, har ka ga kalma ɗaya tana jan wutsiya mai tsawon zani. Akwatunan imel na wancan zamani kuwa 'yan mitsi-mitsi ne, ba irin naku da ba sa cika ba. Kafin a yi sadakar uku akwatuna sun toshe, saƙonni suna ta dawo mini kamar ruwan sama.

Abin bai tsaya nan ba. Ita manhajar lis an gina ta ne a kan duk adireshin da saƙo ya yi ta dawowa daga gare shi, ta cire shi da kanta, ba sallama. Wata Hajiya 'yar Katsina ta zo har shago da mayafinta a kafaɗa tana tambayata laifin me ta yi aka kore ta, ko don mijinta ya rasu shi ke nan ba ta da sauran amfani. Na rantse, na yi bayani, na nuna mata allon, ta ce ita ba ta san wata manhaja ba, ni ta sani. Na kafa doka cewa mai amsawa ya yanke wutsiya kafin ya tura, da yawa suka koya. Na roƙa a riƙa kai ta'aziyya ga masu rasuwa kai tsaye, wannan kam ba wanda ya saurare ni. Wani malami ya ce mini addu'ar jama'a a cikin jama'a ake yin ta.

Daga ƙarshe aka zauna bayan sallar Juma'a a ɗakin wasu ɗalibai, aka yanke shawarar a koma dandali. Ustaz Magdi har lemo ya saya wa kowa.

Kada ku ji na ce dandali ba shi da kyau. Ranar da muka gama shirya shi na tsaya ina kallo kamar baƙauye ya shigo birni. Maganar masauki ga layinta, maganar sabunta biza ga nata, ta'aziyya ta samu ɗakinta, mai son amin ya shiga ya yi ta yi har ya gaji ba ya toshe wa kowa akwati. Baƙo ya sauka yau, in zaunar da shi gaban kwamfuta, kafin la'asar ya san abin da wasu suka yi wata da watanni suna koya da kuka. Saƙo ya daina dawo mini, fankar saba ma ta huta. Abu ɗaya na lura da shi, wurin ya yi tsit. Na ɗauka zaman lafiya ne.

Ana cikin haka Alhaji Bawa ya zo. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne daga Zariya, ciwon zuciya ya kawo shi, 'yarsa Rabi ce ke jinyarsa, malamar makaranta mai natsuwa, ba ta da yawan magana. Likita ya ce sai an yi aiki, kuma kada ya wuce ƙarshen makon nan, don tsohon kullum ƙara yin ƙasa yake. Matsalar jini ce. Nasa irin wanda ba a cika samu ba ne, O nagetif, abin da asibitin ke da shi bai kai ba, suka ce ba za su sa wuƙa ba sai an kawo mai bayarwa. Na Rabi bai yi daidai ba. Ta zo shago ta faɗa mini, na buga da hannuna na kafe a dandali, da manyan baƙaƙe.

Gari ya waye ba amsa. Ya sake wayewa, shiru. Na duba saba na ga mutane sun shiga, sun buɗe, sun karanta. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tare Malam Hadi, babban ɗalibi mai iyali, wanda na san bai taɓa ƙin taimako ba, na tambaye shi ko bai ga sanarwar ba.

Ya ce, "Na gani mana, Malam Isyaku. Amma ai ba a aiko mini ba."

Na ce kamar yaya. Ya ce shi ya ɗauka Zazzagawa 'yan garinsu sun riga sun ji da abin, kuma ciwon mutum sirrinsa ne, ba ka kai kanka cikin jinyar da ba a kira ka ba, sai a ce shisshigi. Wallahi gaskiya ya faɗa, ni ma haka aka raine ni. A wurinmu ko rasuwa ka tsinta a kasuwa, za ka ce ba a gaya maka ba, har ka yi fushi a kai. Gani daban, a aiko maka daban. Ustaz Magdi da duk iliminsa bai san wannan ba, ba kuma laifinsa ba ne, ba a rubuta shi a littafin manhaja ba.

Na koma shago na ce masa zan ta da lis. Ya buɗe baki zai fara musu, ya ga fuskata, ya ce khalas, yi abin da za ka yi. Na tono tsofaffin adireshi, har na waɗanda manhaja ta kora, na mayar da kowa. Na rubuta saƙon da sallama, na ce Rabi 'yar Alhaji Bawa ce ta aiko ni gare ku, na faɗi irin jinin da inda za a same mu, na roƙi Allah ya ba shi lafiya, na tura.

Kafin azahar amin ta fara zuba. Amma wannan karon ba ita kaɗai ba. Ɗalibai suka ciko ƙaramar bas suka nufi asibiti, Malam Hadi a gaba. Wasu masu jinya suka bar nasu marasa lafiyan suka bi layi. Aka yi ta gwaji, aka yi ta gwaji, ba wanda nasa ya dace. Wasu saƙonnin kuma suka dawo mini kamar da, akwati ya cika. Na zauna ina kallon amin tana shigowa ɗaya bayan ɗaya, raina na tafasa, ina cewa a zuci jini muke nema, jama'a, jini. A hankali amin ɗin ma ta ja baya, ta ɗauke. Rabi ta zo da yamma ta zauna a kujerar bakin ƙofa. Tsoro na ji, ba zan ɓoye muku ba.

Da hantsi washegari, ana jibi wa'adin likita zai cika, wata mata ta shigo shago da takarda a hannu. Madam Saratu ce, 'yar Kagoro, Kirista, mijinta na aiki a ofishin jakadanci. Ta shiga lis ne tun da can don takan dafa tuwo ta kai wa marasa lafiya ranar Lahadi bayan coci.

Ta ce, "Malam Isyaku, har yanzu ana neman jinin nan? Irin nawa ne. Tun haihuwata ta fari aka gargaɗe ni a kansa."

Na ce alhamdulillahi. Abin da ya ɗaure mini kai, na san sarai saƙona bai same ta ba, da idona na ga ya dawo daga akwatinta. Da na faɗa mata ta ce haka ne, hotunan bikin ƙanwarta ne suka cika shi, sai da safen nan ta samu ta goge su a ofishin maigidanta. Tana gama gogewa saƙo guda ya faɗo. Ta miƙo mini takardar.

A sama layi ɗaya ne: amin ya Rabbi, daga Mamman, Yamai. A ƙasansa kuma ga saƙona ɗungurungum, tun daga sallama har irin jinin, maƙale a matsayin wutsiya.

Ku tsaya ku duba wannan abu da kyau. Ita ce amin ta ƙarshe da ta shigo, bayan kowa ya yi tasa ya gama. Da ta zo kwana ɗaya kafin nan, da ta tarar da akwatin a toshe ta dawo. Da mutumin ya bi dokata ya yanke wutsiya, da Madam Saratu ta ga amin tsirara, ba ta san ta mece ce ba, ta goge. Kuma har yau da nake muku maganar nan ban san wane ne Mamman ba. Na tambayi 'yan Nijar da ke nan, ba wanda ya gane shi. Adireshinsa dai na cikin tsofaffin da na tono, amma bai taɓa rubutu a lis kafin ranar ba, bai sake ba bayanta. Wani bawan Allah ne ya shiga shago a can Yamai, ya ga an yi addu'a ga mara lafiyan da bai sani ba, ya ga bai kamata ya tashi bai amsa ba. Na yi shekaru ina bin sawun saƙo zango-zango, ina ganin na san hanya. Ranar na san akwai Mai tura saƙon da ba ya barin hatimi.

Muka ɗauki tasi zuwa asibiti. Aka gwada, ya dace, aka ɗiba. Madam Saratu ta sha lemon da aka ba ta, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ce wa Rabi ta yi haƙuri ita za ta wuce, ta bar wake a wuta. Washegari aka shiga da Alhaji Bawa tun da safe, ba a fito da shi ba sai bayan la'asar. Likitan ya cire abin rufe bakinsa ya ce tamam, wato komai lafiya. Rabi, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta durƙushe a barandar nan tana kuka tana hamdala.

To Nura, ga amsar musunmu da Ustaz Magdi, don na san za ka tambaya wa ya ci. Ba wanda ya ci. Da na nuna masa takardar ya karanta, ya juya ta, ya sake karantawa. Sannan ya zauna ya ɗinke biyun, duk abin da aka tura a lis ya riƙa sauka a dandali ya zauna don na baya. Abin da zai iya jira, kamar masauki da biza da sunan magani, dandali ya fi masa. Abin da ba ya jira kuwa, sai an bi mutum har gida an yi masa sallama. Ku da wayoyinku kun haɗa duka biyun a tukunya ɗaya, ga kowa a ciki, ga saƙo na ta zuba, kuma rabinku kun kashe wa guruf ɗin murya. Ran da kuka nemi jini za ku gane ko an aika wa mutum ko gani kawai ya yi.

Da Alhaji Bawa ya samu ƙarfin tafiya, kafin su koma gida, ya sa Rabi ta kawo shi shago. Ya rame, yana dogara sanda, amma idonsa garau. Ya riga ya je har gida ya gode wa Madam Saratu da mijinta. Ya ce saura jama'a, in buga masa godiya in tura wa kowa, da wanda ya je asibiti da wanda ya yi addu'a daga nesa. Na ja kujera na zaunar da shi. Don in sauke hakkin sana'a, na ce masa Baba, ka san fa in na tura wannan kowa sai ya amsa, akwatunan mutane za su sake toshewa, ko in kafe ta a dandali kawai.

Ya dube ni ya ce, "Bar su su amsa, ɗana. Ni na san abin da amsa ta yi mini."

Na gyara zama na ce ya faɗa ina bugawa. Ya fara da bisimilla, Rabi na tsaye a bayansa riƙe da sandar.